Daga Hadarin Gabas Zuwa Guguwar Amurka: Kun Tambaya, Ɗalibin Iska Ya Amsa

Assalamu alaikum masu karatu. Edita ya tattaro wasiƙun da kuka aiko a kan guguwa ya jibgo mini, ya ce tunda ni na ɗauko wa kaina karatun iska da gajimare, sai in zo in kare kaina. Ni ɗan ƙasar Malumfashi ne, yanzu ina shekara ta huɗu a karatun digiri na uku a fannin nazarin yanayi, a garin Tallahassee da ke jihar Florida ta Amurka. Ban zama dakta ba tukuna, don haka masu rubuto "Dakta" a saman wasiƙa ku ɗan saurara, kada ku ja mini baki. Tambayoyin da suka yi kama da juna na haɗe su, masu tsawo kuma na rage musu.

Wani dattijo manomi daga Bakori ya sa jikansa ya rubuto masa: "Yaro, an ce ka tafi ƙasar Turawa kana karatun guguwar teku. Mu nan ko kogin kirki ba mu da shi, balle teku. Me ya haɗa kifi da kaska? Da karatun taki ka yi ai da mun amfana."

Baba, Allah ya ƙara girma. Mahaifina ma haka ya ce, sai dai shi bai sassauta mini kamar yadda ka yi ba.

Bari in tambaye ka abin da ka fi ni sani. Daga ina hadarin kirki yake tasowa? Daga gabas. Duk yaron da ya taɓa kwasar shanya a guje ya san haka, kuma duk mai gidan ƙasa ya san bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe. Amma iskar damina mai ɗauke da danshi daga kudu maso yamma take hurowa, daga wajen teku. Iska ta nan, ruwa ta can. Wannan saɓanin shi ya fara ɗaure mini kai tun ina ƙaramar sakandare, shekarar da iska ta yaye kwanon ɗakin mahaifiyata. Ba na mantawa, bayan la'asar ne. Gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, zafi kamar an rufe mu a tukunya. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin, gindinta kuma ja wur. Kafin a gama kora awaki sai wata iska mai sanyi ta iso da ƙura, ta cika mana baki da yashi, muka ji ƙusoshi suna kuka ɗaya bayan ɗaya. Da safe a gonar maƙwabcinmu muka tsinto kwanon, ya naɗe kamar tabarma. Kowa na jajen rufi, ni kuma abin da ke cina shi ne: wannan abu daga ina ya zo, kuma da ya wuce mu ina ya nufa?

Sai da na girma na sami amsa. A saman kawunanmu, tsayin kilomita 3 zuwa 4, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga gabas zuwa yamma duk damina. Abin da ke haifar da shi bambancin zafi ne tsakanin Sahara da ke ci kamar wuta a arewa da kuma tekun da ke kudu mai sanyi-sanyi. Kogin nan ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi irin ta maciji, kuma kowace lanƙwasa mu muna kiranta igiyar gabas. Yawanci a wajen Darfur da tsaunukan Habasha ake haifarsu, su ratso Chadi, su bi ta kan Barno da Damagaram da Kano da Sakkwato da Yamai, su keta Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senigal da Gini. Duk kwana 3 zuwa 5 sai ɗaya ta wuce. Idan ka lura ko a tsakiyar marka ruwa ba ya zuwa bai ɗaya, sai a yi kwana biyu ana tafkawa, a ɗan sarara, a sake dawowa. To sau da yawa igiyoyin nan ne ke wucewa ta kanka, suna tattara hadari a gabansu. Wani Ba'amurke mai suna Robert Burpee ne ya fayyace asalinsu a 1972.

Kimanin 60 ke faɗawa teku a shekara. Mafi yawansu can suke mutuwa, ba wanda ya san da zamansu sai irinmu marasa aikin yi. Amma a cikin manyan guguwowin da ke tashi a Atlantika, waɗanda ke rusa garuruwa, kusan 85 cikin 100 daga igiyoyin nan suke fitowa. Ɗauki Irma ta 2017. Ranar 27 ga Agusta ta bar gaɓar Afirka tana tarkacen gajimare, ranar 30 aka raɗa mata suna kusa da tsibiran Cape Verde, ranar 6 ga Satumba ta daidaita tsibirin Barbuda, ranar 10 ta shiga Florida. Daga ƙasar Katsina zuwa Dakar tafiyar kwana huɗu ce ko makamancin haka ga igiya. Ke nan hadarin da ya jiƙa maka dawa yau, bayan sati biyu yana iya zama abin da ya hana mutum miliyan barci a wata nahiyar. Kifin da kaskar 'yan gida ɗaya ne, Baba. Batun taki kuma na amsa laifina.

Wata ɗaliba mai karatun labarin ƙasa daga Maraɗi ta ce: "Yaya, me ke mayar da igiya ta zama mahaukaciyar guguwa? Kuma kai takamaimai me kake bincike a kai? Kana cikin masu shiga jirgi su kutsa tsakiyarta?"

Ƙanwata, ki ɗauke ta kamar murhu, teku kuma shi ne itacen. Sai ɗumin ruwan ya kai digiri 26 da rabi, ba a fatar sama kaɗai ba, har zurfin mita 50 ko kusa da haka. Tururi ya tashi, ya daskare ya zama gajimare, wajen daskarewar ya saki zafi, zafin ya ƙara cilla iska sama. Ƙasa ta zama kamar rami, iskar gefe ta kwararo don ta cike, juyawar duniya ta karkatar da ita, sai ta fara kewaya ramin maimakon ta faɗa ciki kai tsaye. Da zarar wannan ya kankama, abin ciyar da kansa yake yi. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a ba ta suna. A 119 ta zama abin da Amurkawa ke kira hariken, mutanen Japan da Filifin su ce taifun, na Tekun Indiya su ce saiklon, duk dabba ɗaya ce. Daga 178 ta shiga sahun manya, daga 252 kuma ta kai mataki na biyar, wanda babu na sama da shi.

Masu kashe ta biyu ne. Akwai saɓanin iska, wato ta sama ta nufi wani waje ta ƙasa ta nufi wani, sai a sare mata kai kafin ta miƙe. Akwai kuma busasshiyar iskar Sahara mai ɗauke da ƙura, wadda ke bin bayan igiyoyin zuwa teku. In ta shiga cikin gajimaren sai ta shanye shi. A watan Yunin 2020 ƙurar ta yi yawan da har ta rufe tsibiran Karebiyan. Wata abokiyar karatuna 'yar Puerto Rico ta nuna mini hoton garinsu na ranar, tana jiran in yi mamaki. Ni kuwa Kano na gani a watan Janairu. Abin dariyar shi ne uwa ɗaya ce ke haifar guguwar, ita ce kuma ke aika mai shaƙe ta.

Nawa binciken ga shi. Igiyoyi biyu za su fita ta Dakar, sati ɗaya tsakaninsu, girmansu ɗaya, tekun da suka tarar ɗaya. Ta farko ta zama dodo, ta biyu ta watse kamar hayaƙi. Me ya raba su? Mafi yawan masu bincike a nan daga bakin teku suke fara kallo, don nan ne jiragensu da na'urorinsu ke kaiwa. Ni kuma zargina shi ne wani ɓangare na amsar yana kan tudu, a kwana ukun ƙarshe kafin igiyar ta ga ruwa: yawan danshin da ta kwaso a kan Nijar da Mali, da yadda hadari ya jeru a cikinta lokacin da ta hau tsaunukan Futa Jalon na Gini. Tarbiyya daga gida take farawa, haka nake ce wa malamina. Shi kuma ya ce karin magana ba hujja ba ce, in kawo lissafi. Yana da gaskiya, kuma har yau ban gamsar da shi ba.

Batun jirgi, a'a. Masu wannan aikin su ne matuƙan NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, da ke tashi daga Lakeland a nan Florida, da wata rundunar sojan sama da ke Biloxi a jihar Mississippi. Suna ratsa bangon guguwar har cikin idonta, wato tsakiyarta, suna sako wasu na'urori masu kama da guntun bututu, kowace da 'yar lemarta, tana faɗowa tana aiko da labarin zafi da danshi da gudun iska har ta nutse. A 2022 har tsibirin Sal na Cape Verde suka je don su tari igiyoyin tun suna jarirai. Ni aikina a wani ɗaki ne marar taga, ni da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat na shekaru aru-aru. Mai nazarin sama da ke wuni bai ga sama ba. A shekarata ta biyu na yi asarar sati uku saboda na juya alamar gabas da yamma a lissafina, igiyoyina duka suka juya suka nufi Jidda kamar maniyyata. Sai da wani ɗan ajinmu ya leƙo ya ce, "Guguwarka aikin Hajji za ta?" Ni na koya masa kalmar, ya rama da ita.

Wani ɗan kasuwa mazaunin Agege ya ce: "Shagona ba shi da nisa da teku. Irin wannan guguwar za ta iya faɗo wa Legas wata rana?"

Alhaji, kwantar da hankalinka. Legas tana digiri 6 da rabi ne kawai arewa da ikwaita, tekun da ke kudu da ita kuma ya fi ta kusa da layin. A can ƙarfin da ke sa iska kewayawa kusan babu shi, guguwa kuwa yawanci tana bukatar aƙalla digiri 5 daga layin kafin ta iya murɗawa. Sannan daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da igiyoyin suka fi ƙarfi, ruwan gaɓarku sanyi yake yi saboda na ƙasa yana tasowa sama, wanda yana cikin dalilan da ruwa ke ɗan ɗauke muku a Agusta alhali mu muna tsakiyar marka. Ko ma ta haɗu, iskar da ke tuƙa ta yamma take kai ta, ta ba ku baya.

Kada dai a ce Afirka ta tsira. Ranar 31 ga Agustan 2015 Fred ta ratsa Cape Verde da cikakken ƙarfi, abin da rabon a gani tun 1892. A Maris na 2019 Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik, ta kashe fiye da mutum 1,000 a can da Zimbabwe da Malawi. A 2023 Freddy ta taso daga kusa da Ostiraliya, ta ƙetare Tekun Indiya kaf, ta yi kwana 36 a raye, babu wadda aka taɓa gani ta kai haka, ta bugi Mozambik sau biyu.

Kai abin da ya kamata ya dame ka shi ne kwatar da ke gaban shagonka. Mu na arewa ma haka. Wani bincike da Christopher Taylor na Ingila ya jagoranta, aka buga a 2017, ya nuna cewa mafi tsananin hadarurrukan yankin Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Ranar 1 ga Satumban 2009 an zuba wa Wagadugu milimita 263 cikin wuni guda. Ba a raɗa wa wannan ruwan suna ba, amma ya raba dubban mutane da gidajensu.

Wata Hajiya daga Gwale a Kano ta rubuto da ɗan zafi: "Katrina, Irma, Maria. Me ya sa duk masifa sai a sa mata sunan mace? Mu ne bala'in duniya?"

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, kuma ba ke kika fara wannan ƙorafin ba. Daga 1953 sunayen mata zalla Amurka ke sawa, matan can suka yi ta surutu har aka gyara a 1979. Tun daga nan ana jerawa ne, namiji, mace, namiji, mace. Hukumar Yanayi ta Duniya da ke Janiba ce ke riƙe da jerin: takarda shida, kowace da suna 21, ana zagayowa duk shekara shida. Wadda ta yi mummunar ɓarna sai a soke sunanta har abada, kamar yadda ba a ƙara raɗa wa yaro sunan da ya zama abin tsoro a gari. Maza ma sun yi tasu ta'asar: Andrew a 1992, Harvey a 2017, Ian a 2022, duk an soke su. A 2020 guguwa 30 aka yi, sunayen suka ƙare aka koma ara daga haruffan Girkanci.

A kudu maso yammacin Tekun Indiya ƙasashen yankin ne ke ba da sunaye, Idai ma Zimbabwe ce ta bayar. Mu da ba ta zuwa mana ba mu da kujera a wannan zaman suna. Da za a tambaye ni, Gagarabadau zan bayar, kuma ki shaida sunan namiji ne.

Wani ɗan'uwa daga zangon Kumasi ya ce: "Malam, karatu daban, gani daban. Ka taɓa shiga cikinta da idonka?"

Gefenta dai na shiga, ɗan'uwa, kuma ya ishe ni. Helene ce, daren Alhamis 26 ga Satumban 2024.

Tun ranar Talata hasashe ya nuna idonta zai bi ta kan garinmu ko dab da shi. Tallahassee gari ne mai manyan itatuwa, rassansu sun yi wa tituna rumfa, abin sha'awa a ranar lafiya, abin tsoro a irin wannan rana. Kafin Laraba da yamma babu ruwan roba a kantuna, babu burodi, babu batir. Gidajen mai kuwa layi har titi, sai na ji kamar na dawo gida. Aka rufe makaranta, aka raba buhunan yashi, aka ce masu gidajen katako da na tafi-da-gidanka su fice. Na cika bahon wanka da duk tukunyar da na mallaka da ruwa, na dafa shinkafa da wake mai yawa, na ɗauki ƙullin garin kwaki da sukari, na koma wani ginin siminti tare da abokan karatuna biyu.

Zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Da yammar nan murna nake yi. Shekara uku ina kallon abin nan a allo, yau ga shi zai zo har ƙofa. Muka baje kwamfutoci muna kallon hoton rada, muna musu a kan ko za ta kai mataki na huɗu, kamar masu kallon ƙwallo. Ta kai. Wajen ƙarfe 11 na dare ta hau tudu kusa da garin Perry, kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da mu, da iska mai gudun kilomita 225 a awa. Mu abin da ya same mu gefen hagunta ne, mai sauƙin. Duk da haka ƙarar ba irin ta hadarinmu ba ce mai zuwa ta wuce cikin rabin awa. Wannan gurnani ne da ba ya yankewa, ya yi ƙasa ya yi sama, ruwa yana tafiya a kwance. Can nesa sai ka ga sama ta yi wani haske kore-kore, taransifoma ce ta fashe. Wuta ta ɗauke. Abokan nawa suka rikice suna neman tocila, ni kuwa ko gezau, a nan ne kaɗai na fi su digiri.

Cikin duhun nan wayata ta yi ƙara. Mahaifiyata ce. A gida ƙarfe 4 na asuba ta wuce, ashe wani ya gaya mata an ambaci Florida a rediyo, tun lokacin tana kan sallaya. Ba ta tambaye ni gudun iska ba. Cewa ta yi, "Rufin ɗakin na kwano ne?" Na ce na siminti ne, Inna. Ta ce to alhamdu lillahi, in yi ta addu'a, in nisanci taga.

Da muka tabbatar idon ya karkata gabas sai muka yi ta tafawa mun tsira. Sai ɗaya daga cikinmu, wadda kakarta ke zaune a wancan yankin, ta ce a hankali, "Gabas ɗin ma akwai mutane." Yankin Perry karo na uku ke nan ana bugunsa cikin wata 13: Idalia a Agustan 2023, Debby a Agustan 2024, ga Helene. Ban ƙara yin murnar guguwa ba tun daga daren.

Abu biyu zan ƙara. Helene ba tamu ba ce, a yammacin Karebiyan aka haife ta, kada a ɗora wa Afirka kowane laifi. Sannan fiye da mutum 200 da ta kashe, da yawansu ba a bakin teku suke ba. Suna can cikin tsaunukan North Carolina ne, wajen Asheville, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa, inda ruwa ya cika kwaruruka ya tafi da gidaje. Iska ce ke shiga labarai, amma ruwa ya fi ta kisa. Katrina ta 2005 ma ganuwar tare ruwa ce ta ɓalle, kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse. Ta 1970 da ta faɗa wa ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, teku ta tunkuɗo kan tudu cikin dare, aƙalla mutum 300,000 suka tafi.

Wani matashi daga Jos ya ce: "Na gani a Facebook cewa Amurka ce ke ƙera guguwar nan da na'ura. In ba haka ba, me ya hana su jefa mata bam ta watse?"

Abokina, da suna iya ƙera ta da ba kansu za su riƙa aika wa ba. Rage mata ƙarfi dai sun gwada. Daga 1962 zuwa 1983 gwamnatinsu ta yi wani shiri mai suna Stormfury, jirage suna watsa sinadari a cikin gajimaren, daga baya aka gane canjin da ake gani guguwar ce ke yin abinta da kanta, aka rufe shirin. Bam kuwa, zafin da cikakkiyar guguwa ke saki ya kai kusan ninki 200 na wutar lantarkin da duniya duka ke iya samarwa. Ka jefa mata bam, ka sami guguwarka yadda take, ka ƙara mata guba ta raba wa mutane.

Wani malamin firamare daga Gusau ya ce: "Wayata takan ce za a yi ruwa a wuni rana na ƙwallewa, ta ce ba ruwa a kwana ana tafkawa. Ku masu hasashen nan ba shaci-faɗi kuke yi ba kuwa? Ai gaibu sai Allah."

Malam, gaibu sai Allah, babu ja a nan. Abin da muke yi karatun alama ne, irin wanda kakata ke yi in ta ga tururuwa na kwashe ƙwai ta ce a shigo da itace. Bambancin kawai namu alamun da ma'auni ake ɗaukarsu, kuma mukan faɗi kashi nawa cikin ɗari muke zato.

Amma wayarka ba ƙarya ka yi mata ba, kuma wannan ne ciwon da ke raina. Hasashen da ke cikinta daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka yake fitowa, su kuma sai an ba su labarin yadda sama take yanzu kafin su faɗi yadda za ta kasance gobe. Labarin nan daga tashoshin awo yake zuwa, da balan-balan da ake saki sau biyu a rana ɗauke da na'ura, ƙarfe 1 na rana da 1 na dare agogonmu. A Amurka ana sakinsu a wurare da dama kullum. A yankinmu sai ka duba taswira ka ga fili fetal, tasha nan, wata sai bayan ɗaruruwan kilomita, wata kuma an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba. Ga shi hadarinmu yakan tashi ne farat ɗaya da yamma, daga wuri ƙanƙane. Wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun gwada a 2018, suka tarar hasashen ruwan gobe da kwamfutocin nan ke yi wa yankinmu da ƙyar yake fin wanda zai duba tarihin shekarun baya kawai ya yi kirdado. Guguwar da ke tsakiyar teku an fi sanin inda za ta kwana jibi fiye da yadda aka san ko za a yi ruwa a Gusau gobe. Igiya ɗaya ce, amma sai ta bar mu ake fara auna ta da kyau. Don haka na fi ba ka shawarar ka riƙa sauraron sanarwar NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, 'yan Nijar kuma ta hukumar yanayinsu da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, don su aƙalla sun san ƙasar, kuma in sun ce a yi hattara da ambaliya a yi.

Tunda kai malami ne, ga abin da za ka iya yi da 'yan ajinka. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin babban na tumatir. Ku ɗora shi a kan turmi ko bulo a fili, nesa da bango da itace. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula, a rubuta milimita nawa, a zubar. Zurfin ruwan da ke ciki shi ne ruwan da aka yi. Mahaifina, wanda ya ce na tafi karatun banza, yau shekara uku ke nan yana yi mini wannan a bayan gida, kuma ya kori kaji a kan gwangwanin nan ya fi a ƙirga. Yana rubutawa a wani tsohon littafin rajista, ƙanena ya ɗauki hoto ya turo mini ta WhatsApp.

Na shekaranjiya cewa ya yi: milimita 41, ya faro bayan isha'i, daga gabas, da iska amma ba ta yi ɓarna ba, sai reshen darbejiya ɗaya. Na buɗe hoton Meteosat na daren na gan shi, wani farin dunƙule a kan kudancin Katsina. Yau da safe igiyar da ta kawo shi tana kan Mali. In ta riƙe tafiyarta, jibi za ta ga teku, kuma na riga na buɗe mata shafi.